Harafin da Na Gyara

Shagona yana bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai suyar ƙosai. Na ce shagona, amma gaskiyar magana shagon oga ne, mutumin da ya koya mini gyaran tafireta. Mutumin gabas ne, gajere, mai sanƙo, ga faɗa sai ka ce barkono yake karyawa da shi. Shekara shida na yi a hannunsa, ko sau ɗaya ban ji ya ce na yi daidai ba. Iyakar yabonsa shi ne ya duba aikina ya yi tsaki. In tsakin ya yi tsawo, sai in sake kwance injin gaba ɗaya. In gajere ne, to, aiki ya yi, ina iya zuwa in ci abinci.

Yana da wata ƙa'ida da ba ya ketarewa. Duk tafiretar da aka gama gyarawa, sai an sa mata farar takarda an buga harufa duka a jere, manya da ƙanana, layi uku. Sai ya zare takardar ya tafi bakin ƙofa, ya ɗaga ta wajen haske, ya rufe ido ɗaya. Dole layin ya miƙe sak kamar zaren da aka ja. Harafi ɗaya ya ɗaga kai ko ya sunkuya, ba mai fita da injin daga shagon nan, ko da alƙali ne ya aiko a karɓa. Mun sha zagi a wurin akawuna saboda wannan, shi ko a jikinsa.

Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne tasa tafiretar. Yana da wata 'yar ƙarama baƙa, mai akwati da mariƙi, wadda yake buga wa matarsa wasiƙa da ita duk ranar Asabar. Matar tana can garinsu tana koyarwa tana kuma kula da tsohuwarsa, ni ban taɓa ganinta ba. To, wannan injin na babban gwani, harafin "e" ɗinsa a karkace yake. Yana ɗan hayewa sama da layi, ya jingina hagu. Duk inda ya faɗo a takarda sai ya tsone maka ido. Wata rana oga ya fita, na ɗauko filaya na ce bari in yi abin kirki. Ban kai ga taɓawa ba sai na ji duka a bayan hannuna, filaya ta faɗi ƙasa.

Ya ce, "Ka taɓa wannan, ka koma ƙauyenku ka noma citta."

Bai ƙara ko kalma ba, ni kuma ban tambaya ba. Wa ya isa ya tambayi oga dalili? Sai na yanke wa kaina hukunci cewa jarrabawata ce ya ajiye. Na ce ranar da ya ga hannuna ya nuna, zai turo mini ita ya ce in gwada. Da wannan tunanin na zauna shekara da shekaru.

Sai aka shiga shekarar tashin hankali, gab da yaƙi, mutanen gabas suka yi ta cika jirgi suna komawa gida. Ba zan ba da labarin abin da idona ya gani a tashar nan ba. Oga ya tafi da akwati ɗaya da rigar da ke jikinsa. A ƙofar shago ya miƙa mini makulli, ya nuna baƙar tafiretar da haɓarsa, ya ce, "Riƙe mini. Kada ka bari tsatsa ta ci ta. Zan dawo." Na raka shi har bakin tarago, mutane suka shiga tsakaninmu, ban ma ga inda ya zauna ba.

Da aka gama yaƙi, aka shiga shekarun saba'in, wasu suka fara dawowa. Mai sayar da katako ya dawo. Telan da ke kusa da kasuwa ya dawo da ƙafa ɗaya. Ni kuwa duk ranar da jirgin gabas zai iso sai in ja ƙofar shago in je in tsaya wajen masu sayar da ayaba da gyaɗa, ina leƙa kan duk gajeren mutum mai sanƙo. Na tambayi waɗanda suka dawo, wani ya ce ya taɓa ganinsa, wani ya ce bai san shi ba. Na buga wasiƙa biyu zuwa garinsu, ba amsa. Ma'aikatan tasha har sun saba da ni, in sun hango ni sai su ce, "Ga mai jiran baƙo nan ya iso." Ni dai ban taɓa yin dariya ba.

Aiki kam akwai. Kotu, ofisoshin reluwe, makarantu, masu rubuta wa mutane takardar koke a gindin mangwaro, kowa da tafireta yake ci. Kuma a lokacin ne gwamnati ta karɓi makarantun mishan, Turawa suka yi ta tattara kaya, aka bar tsofaffin injuna a ɗakunan ajiya ba mai waiwayarsu. Nan cutar tara su ta kama ni. In na ji labarin wata matacciyar tafireta a Zonkwa ko Manchok ko Kagoro, sai in hau mota in je in roƙa. Wani hedimasta ya ce mini, "Ɗauka mana, ka rage mana shara." Shara! Na ɗauko ta a ka tun daga makarantar har bakin titi, wuyana ya yi kwana uku bai juyu ba.

Ba ka san ƙazantar ɗan Adam ba sai ka buɗe cikin tafireta. Na fitar da ɓawon gyaɗa, da tsinken sakace, da gidan zanzaro, da ɓera guda busasshe. Wani akawu man ja ya ɗura wa tasa don ta yi laushi, ta daskare kamar tuwon jiya. Haba jama'a! Sai in zauna in wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori, harafi bayan harafi, in tsokale tawadar da ta toshe cikin "o" da "a" da allura. In ɗiga man keken ɗinki inda ya kamata, ɗigo ɗaya tak, don mai da yawa shi ke kiran ƙura. Ribin, wato ƙyallen nan mai tawada, in ya bushe kuma babu sabo a gari, ina da dabarar farfaɗo da shi. Wadda ba ta tashi ba sai in cire kayan cikinta in raya wata.

Na jera su a kanta, kowace da sunan inda ta fito. Akwai 'yar Zonkwa mai ƙararrawa mai daɗi, akwai tsohuwar Manchok mai nauyin jaki, akwai ta fadan coci wadda ba ta taɓa buga komai ba sai wa'azi. Ba sayarwa nake yi ba. Ina dai son in buɗe ƙofa da safe in tarar da su. Har gaishe su nake yi, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Don kuwa ba ni da kowa a garin nan. Iyayena suna ƙauye, sai Kirsimeti nake zuwa, in na je ma hirar gona ake yi, ni kuma hannuna ya manta fartanya. Matan zumunta a coci sun sa ni gaba, kullum sai sun ce, "Malam, yaushe za mu ci shinkafa? Ko ƙarfen nan ka aura?" In yi murmushi in wuce. Sun haɗa ni da wata malamar asibiti, ta zo shago sau biyu, na yi ta nuna mata yadda ake ɗaure igiyar da ke jan abin naɗa takarda. Ba ta zo na uku ba, kuma ban ga laifinta ba. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada ita ce ta fi mini wuya. Kowa ya kama hannun iyalinsa ya nufi gida, ni in dawo ɗakina na bayan shago in ɗumama gwaten jiya in ci a tsaye. Kaɗaici ya ci ni a shekarun nan, ba kaɗan ba.

Ranar Asabar kuwa ta oga ce. In sauko da baƙar tafiretar, in buɗe akwatin, in goge ta, in motsa kowane harafi don kada ya sandare. Sai in sa takarda in buga layi ukun nan, in je bakin ƙofa in ɗaga. Komai daidai, sai "e". Ga shi can ya ɗaga kai ya jingina hagu, yana kallona. In ajiye takardar a cikin kwali, wata Asabar in sake. Kwalin har ya cika ya tumbatsa.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, da damina, abin ya kai ni bango. An kwana uku ana ruwa, irin ruwan Kafanchan da ba ya gajiya, ba wanda ya leƙo shago. Jirgin gabas ya zo ya wuce, na dawo a jiƙe. Na zauna ina kallon takardar, sai haushi ya turnuƙe ni. Na ce mutumin nan ya bar ni da shago da amana, ko layi ɗaya ya kasa aiko mini. Ni da nake ta da injunan da Turawa suka yar, ni za a ce har yanzu ban isa in taɓa harafi ɗaya ba? Na ce to, in ya dawo zai tarar da jarrabawarsa a gama.

Na ɗauko filayarsa ta musamman, mai bakin tsuntsu, wadda ake lanƙwasa hannun harafi da ita. Na duba sosai, na ga hannun ne ya ɗan murɗe can kusa da wuya, irin murɗewar da ake samu in harufa biyu suka cije aka fizge su da ƙarfi. Aikin rabin awa ne, amma na yini a kansa. In taɓa kaɗan, in buga, in je ƙofa, in dawo. Wajen la'asar na ɗaga takarda, layi ya miƙe sak, "e" ya zauna cikin 'yan'uwansa kamar bai taɓa fita ba.

Na waiga ina neman wanda zan nuna wa. Mai agogo ya rufe saboda ruwa. Sai na rufe ido ɗaya kamar yadda oga yake yi, na yi wa kaina gajeren tsaki. Na ji daɗi ranar, ba zan yi ƙarya ba. Washegari na ɗauki kwalin tsofaffin takardun nan masu karkataccen harafi na kai wa mai ƙosai, na ce ta ƙunsa wa mutane a ciki. Ta yi ta godiya.

Aka ƙara shekara uku ko huɗu. Na rage zuwa tasha, amma ban daina ba.

Wata Talata da rana ina kan 'yar Zonkwa, sai inuwa ta rufe ƙofa. Wata mata ce doguwa, siririya, ta manyanta, da ɗankwali baƙi da jakar hannu da ta sha jiki. Ta tsaya tana duban kantocin, ta dubi teburin, ta dubi ƙusar da oga yake rataye hularsa. Sannan ta dube ni.

Ta ce, "Kai ne yaron shi?" Hausarta irin ta kasuwa ce, tana jan ta a hankali. "Ni ne matan oganka."

Na miƙe har na ture gwangwanin kananzir. Na ce, "Sannu da zuwa, Mama! Sannu da hanya! Ina oga? Yana tasha da kaya?" Har na kama hanyar ƙofa.

Ta ce, "Zauna, ɗana."

Ta ce ciwo ne ya ɗauke oga, tun a shekara ta biyu ta yaƙin, a wani ƙauye da suka gudu. Ba magani, ba abinci. Wato duk tsayuwar da na yi a tasha, duk leƙen kan masu sanƙo, mutumin yana ƙasa. Ranar da na yi fushi da shi don bai rubuto ba ma, ya shekara biyar a kabari. Na zauna a kan benci. Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri.

Na sayo mata ƙosai da kunu, ta ɗan taɓa. Ta ce ya sha ba ta labarina, wai ina da hannu amma ina da gaggawa. Ta ce kafin ya cika ya gaya mata injinsa yana wurina, kuma ya san ba zan sayar ba. Ta daɗe tana son zuwa, hali bai yi ba sai yanzu da ta ajiye aiki.

Nan fa na ji ƙarfi ya dawo mini. Na ce, "Mama, tana nan! Ko ɗigon tsatsa babu." Na sauko da ita, na goge akwatin da gefen rigata, na buɗe a gabanta. Tana ƙyalli. Matar ta sa tafin hannu a kanta.

Sai ta buɗe jaka ta fito da wasu takardu uku a cikin leda, sun yi laushi don naɗewa da buɗewa. Ta ce wasiƙunsa ne. Shekara ashirin yana rubuto mata duk mako, ta tara su a akwati, wuta ta cinye gidan da akwatin, waɗannan ukun ne suka tsira don suna cikin Littafi Mai Tsarki da ta gudu da shi. Ta miƙo mini ɗaya. Da yarensu aka rubuta, ban iya karantawa ba, amma na ga abin da na sani. Ga "e" nan ko'ina a shafin, ya ɗaga kai ya jingina hagu.

Ta sa yatsa a kan ɗaya, ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Ni na yi wannan. Satin bikinmu. Na ce ya koya mini, na danna biyu tare, suka kama juna, na ja da ƙarfi. Na yi kuka, na ce na ɓata masa injin. Ya ce ba zai gyara ba har ya mutu, don duk wasiƙa da ya rubuta, hannuna yana ciki." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Ba ni takarda, ɗana. Ina so in buga sunan shi in gani."

Allah ya sani, na so ƙasa ta tsage. Na ga hannuna ya ɗauko farar takarda ya naɗa mata, don hannun ya saba, ba don na umarce shi ba.

Da yatsa ɗaya ta buga, a hankali, tana neman kowane harafi. Sunansa yana da "e" biyu. Ta gama ta sunkuya ta duba. Ta ciro tabarau ta sa, ta sake dubawa. Ta buga "e" shi kaɗai, sau biyar a jere. Suka fito a miƙe, tsaf, kamar 'yan makaranta a layi.

Ta ce, "Wannan ba nashi ba ne."

Na ce, "Tasa ce, Mama."

"A'a. Nashi yana da..." Ta karkata hannunta hagu.

Na ce, "Na gyara."

Ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a baki kamar wannan ba. Na shiga bayani, wai na ɗauka jarrabawa ce, wai ina so in ya dawo ya ga na iya. Ta dai zuba mini ido. Na ɗauko filaya na ce, "Yanzun nan zan mayar da shi, Mama. Minti goma. Ga wasiƙar, zan bi ta daidai, ba wanda zai gane."

Ta riƙe mini hannu, daidai inda mijinta ya taɓa duka. Ta ce, "Ni zan gane. Wannan zai zama hannunka."

Can ta tambaya ko akwai wata takarda da aka buga da injin kafin in gyara, ko guda ɗaya, ta ƙara a kan ukun nan. Na tuna kwalin. Na dubi takardar da aka ƙunso mata ƙosai a ciki, tana kan benci ta jiƙe da mai, har na juya ta, ko za a dace. Tsohuwar jarida ce. Na ce babu.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta zare takardar da ta buga, ta tashi ta je bakin ƙofa, ta ɗaga ta wajen haske. Ashe ta san ƙa'idar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Aikin ya yi kyau. Da ya gani, zai ce ka iya."

Shekara goma sha ina jiran wannan magana. Ga ta ta zo, na rasa inda zan sa ta.

Da jirgin maraice za ta koma, ta kwana wajen wasu 'yan garinsu a gaba. Na rufe akwatin na ɗauka zan raka ta. Ta ce in ajiye. Ta ce, "Tafireta akwai a makarantarmu, ɗana. Riƙe, kai ka san kula da shi." Na raka ta hannu wofi, sai jakarta da na karɓa. A bakin tarago ta sa mini albarka, ta ce in nemi mata in yi aure, zama haka ba kyau. Wannan karon na ga inda ta zauna, kusa da taga, da ledar wasiƙun a kan cinya.

Daga ranar ban sake zuwa tasha jiran kowa ba. Na dawo shago na tarar da takardar a kan tebur, sunansa da "e" biyar a ƙasa. Na sa ta cikin akwatin.

Tafiretar tana wurina har yau. Sauran duk na rabar da su da aiki ya mutu, ita kaɗai na bari. Sau da yawa na ɗauki filayar nan mai bakin tsuntsu na kai ta wuyan harafin, na san daidai inda zan murɗa da yadda zan murɗa, sai in ajiye. Duk Asabar ina goge ta, in ɗiga mai, in buga layi uku, in je bakin ƙofa in rufe ido ɗaya. Layin a miƙe yake sak, ba abin da za a gyara.